Na bar fiyano shekara 24, yanzu ina so in dawo, ta ina zan kama?

“Malam barka da aiki. Na fara koyon fiyano ina 'yar shekara 8, na yi ta yi har na kai 17, har jarrabawar gired 6 na ci. Daga nan karatu ya ɗauke ni, sai aiki, sai yara, ban ƙara zama gaban fiyano da sunan atisaye ba. Yanzu shekarata 41. Watan jiya na buɗe tsohon fiyanon gidanmu na ɗauko kiɗan da na fi iyawa a da, layi biyu na farko suka zo da kansu kamar jiya na bari, daga nan komai ya tsaya cak. Hannun hagu ya ƙi, takardar ma kamar ban taɓa ganinta ba, bayan awa ɗaya wuyan hannuna ya kama ciwo. Har hawaye na yi. Daga farko zan koma kamar sabuwar ɗaliba, ko kuwa shekaru sun riga sun ja in haƙura?”

Malama sannu da ƙoƙari, kuma wallahi na ji daɗi da kika rubuto maimakon ki rufe murfin fiyanon ki ce shi kenan. Na daɗe ina koyar da fiyano, cikin ɗalibaina akwai manya da dama da suka dawo bayan shekara goma, ashirin, har da wanda sai da ya yi ritaya sannan ya dawo, to wannan labarin naki na layi biyu su zo da kansu sannan komai ya tsaya, na sha ganinsa da idona, hawayen ma na sha gani. In na fahimce ki da kyau abu uku kike tambaya a dunƙule, me ya rage a hannunki daga shekara 9 ɗin da kika yi kina koyo, me ya tafi, sannan ta ina za ki kama. Daga farko dai ba za ki koma ba, wannan ki cire shi a ranki. Amma inda kika ajiye ma ba nan za ki ɗauka ba, wani wuri ne can a tsakiya. Yawancin waɗanda na ga sun dawo sun sake gudu cikin wata biyu, abin da ya kore su shi ne sun dage lallai sai sun ɗora daga inda suka tsaya suna 'yan 17, kuma a ranar farko.

Me ya sa layi biyu suka zo da kansu

Ƙwaƙwalwa ba wuri ɗaya take zuba komai ba. Akwai inda take ajiye abin da za ki iya faɗa da baki, kamar sunan nota ko ma'anar wata alama a takarda, akwai kuma inda take ajiye abin da jiki ya saba yi, irin tuƙa keke, ɗaure igiyar takalmi, da yawon yatsu a kan madannai. Wannan na biyun yana da wuyar goguwa sosai. Akwai wani masanin kiɗa ɗan Ingila, Clive Wearing, a 1985 wata cuta ta kama masa ƙwaƙwalwa ta lalata masa ajiyar tunani, har ta kai abin da ya faru 'yan daƙiƙoƙi da suka wuce ba ya iya riƙewa, amma in an zaunar da shi gaban fiyano an buɗe masa takarda sai ya kaɗa. Tun a 1885 ma wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada a kan kansa da haddar gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, ya nuna cewa abin da mutum ya taɓa koya, ko da yana ganin ya manta shi ƙarƙaf, in ya zo sake koya ba ya cin lokacin da ya ci a karon farko. To shekarunki 9 suna nan, ba su bi ruwa ba.

Sai dai haddar yatsu tana da wani hali da ya kamata ki sani, kamar sarƙa take, kowane motsi shi yake jawo na bayansa. In zobe ɗaya ya tsinke a tsakiya duk abin da ke gaba ya ɓace miki, ba don babu shi ba, sai don babu ƙofar shiga. Kuma ki tuna yadda muke atisaye muna yara, da an yi kuskure sai a koma farko, a sake kuskure a sake komawa farko, shi ya sa layin farko ya sha maimaici ba adadi, shafi na biyu kuwa ɗan kaɗan ya samu. Gwada wannan ki gani, ki buɗe kiɗan nan ki ce daga gaɓa ta 9 za ki fara, wato yanki na 9 cikin yankunan da layuka a tsaye suka rarraba takardar kiɗa. Ina kyautata zaton ba za ki iya ba sai kin koma sama kin gangaro. Wannan shi ne alamar cewa yatsu ne suka haddace, kai bai san abin da ake ciki ba, kuma a nan ne aikinki na yanzu zai bambanta da na yarinta.

Abin da ya tafi da gaske

Karatun takarda shi ne ya fi saurin yin tsatsa, musamman na hannun hagu. Dalilin a fili yake, layukan biyar-biyar ne sama da ƙasa, kamanninsu ɗaya, amma layin ƙasa na hannun dama E ne, layin ƙasa na hannun hagu kuwa G ne, to in ido ya daɗe bai gani ba sai ya riƙa karanta na hagu da ma'anar na dama. Abin daɗin shi ne shi ya fi saurin dawowa, minti biyar kullum kina karanta kiɗa mai sauƙin gaske wanda ba ki taɓa gani ba, irin na 'yan gired 1, kafin 'yan makonni za ki ga ido ya fara washewa. Sauri da juriya su ma sun tafi, zan zo kansu.

Amma abin da ya sa ki hawaye a ganina wani ne daban. Hannunki ya yi hutun shekara 24, kunnenki kuwa bai huta ba ko na rana ɗaya. Kin yi ta jin kiɗa, kin ji ƙwararru, kin san yadda abu mai kyau yake fita, yanzu kunnen 'yar 41 ne yake sauraren hannun da ko na 'yar 17 ɗin bai kai ba. Da kina yarinya in kika kai ƙarshen kiɗa ba ki tsaya ba murna kike, yanzu ko kina jin hagu ya danne dama, kina jin nota ɗaya ta fi 'yar'uwarta ƙara, kina jin feda, wato abin takawa da ƙafa mai tsawaita sauti, ta cakuɗa komai. Ga shi kuma tunani yana yi mana ado, ranar da muka fi iyawa ita muke tunawa a matsayin yadda muke kullum. Wannan ratar da ke tsakanin kunne da hannu ita ce zafin, kuma ina so ki ɗauke ta a matsayin jari, don kunnen nan shi ne malamin da zai zauna da ke kullum. Ɗalibin da ba ya jin kuskurensa shi ne mai wuyar koyarwa, ke kin wuce nan.

Vladimir Horowitz, wanda ake sawa cikin manyan masu kaɗa fiyano na ƙarnin da ya wuce, ya yi shekara 12 bai hau dandali ba, daga 1953 zuwa 1965. Ranar da ya dawo, 9 ga Mayu 1965 a Carnegie Hall da ke New York, a farkon kiɗan farko ya taɓa nota ba daidai ba, shi da bai ma bar fiyano a gida ba duk tsawon lokacin. Ya ci gaba da kiɗansa, kuma har yau ana maganar wannan dawowar.

Ciwon wuyan hannun nan, shi ne na farko

Duk cikin wasiƙarki wannan ya fi tsaya min a rai, don shi kaɗai ne zai iya raba ki da fiyano gaba ɗaya in aka yi wasa. Tsokokin da ke motsa yatsu ba a cikin yatsun suke ba, wasu suna tafin hannu, manyan kuma suna tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, dogayen jijiyoyi ne suke ratsowa ta wuyan hannu su ja yatsun kamar igiya. Kanki yana tuna saurin da, yana ba da umarni a yi shi, jijiyoyin kuwa sun daɗe ba su yi irin wannan aikin ba, kuma jijiya ba ta saurin sabawa da sabon aiki kamar tsoka. Ki haɗa da cewa wataƙila kin wuni kina danna kwamfuta da waya kafin ki zauna. Awa ɗaya a ranar farko kan kiɗan gired 6 ya yi yawa ƙwarai.

Ki bambanta gajiya da ciwo. Gajiya ɗan nauyi ne a tsoka, in kin huta minti kaɗan ya wuce. Ciwo mai suka, ko zafi a wuri ɗaya, ko wanda kika kwana kika tashi da shi, wannan tsayawa ake yi nan take, ba a cije a ci gaba. In kuma kina jin babban yatsa da manuni da na tsakiya suna yin sanyi ko suka kamar ana soka allura, musamman cikin dare, to ki je ki ga likita kafin ki ci gaba, don akwai jijiyar da ke bi ta wani matsattsen wuri a wuyan hannu da kan matsu ta kawo haka. Ni malamin fiyano ne, zama da motsi zan iya gyarawa, abin da ke cikin hannun kuwa na likita ne.

Ki duba zamanki. Gwiwar hannu ta yi daidai da tsayin fararen madannai ko ta ɗan ɗara kaɗan, ki zauna a rabin gaba na bencin, ƙafa biyu a ƙasa, kada ki matso sosai har gwiwar hannu ta maƙale a haƙarƙari. Wuyan hannu kada ya faɗa ƙasa kada kuma ya karye gefe. Akwai wata baiwar Allah da ta zo min bayan hutun shekaru, tana fara kiɗa na ga kafaɗunta sun haura kusan kunne, farcenta ya yi fari fat saboda dannawa, numfashi ma ta riƙe shi har ƙarshen layi. Na buɗe mata gaban fiyanon na ce ta danna madanni ɗaya a hankali ta kalli ciki. Ta ga 'yar gudumar ta tashi ta bugi tsirkiya ta koma baya nan take, yatsanta kuwa yana nan yana ta danna katako. Na ce to kin gani, sautin ya riga ya fita, duk ƙarfin da kika ƙara bayan wannan a jikinki yake ƙarewa. Haka Bartolomeo Cristofori ya tsara abin tun wajen 1700 a Florence ta Italiya, guduma ta buga ta saki. Nauyin da madanni yake buƙata ya sauka bai fi wajen giram 50 ba. Tun daga ranar in ta danna nota sai ta tsaya ta saki kafaɗa ta yi numfashi yatsan yana kan madannin, sannan ta wuce ta gaba, haka muka yi ta yi har jikin ya koyi saki.

Wani zai ce miki ki ɗauko littafin Hanon ki ƙarfafa yatsu, atisaye 60 ne da aka buga tun 1873, kusan duk wanda ya koyi fiyano ya san shi. Ni dai ba na ba wa mai dawowa shi a watannin farko, ballantana mai ciwon hannu, don umarnin da ke ciki na a ɗaga yatsu sama sosai a buga da ƙarfi shi ne daidai abin da ke ƙara ɗaure hannu. Yatsan zobe kuma haka Allah ya yi shi, jijiyarsa ta bayan hannu a haɗe take da na maƙwabtansa, ba zai taɓa ɗaguwa shi kaɗai kamar manuni ba, kada ki yi faɗa da shi. Sikel, wato hawa da sauka a kan notoci a jere, ɗaya ko biyu a hankali, hannu a sake, ya ishe ki ɗumama hannu.

Fiyanon da idon

Kin ce tsohon fiyanon gida ne, to kada ki ɗora wa kanki laifin da nasa ne. A cikinsa akwai tsirkiya wajen 230, jan da suke yi gaba ɗaya ya kai tan goma sha wani abu, katakon ciki kuma yana kumbura yana motsewa da canjin damshi da bushewa, shi ya sa ake saita shi sau ɗaya ko biyu a shekara. Wanda ya daɗe ba a taɓa ba sautinsa yakan zube ƙasa gaba ɗaya, mai saiti sai ya fara ɗago shi kusa da inda ya kamata sannan ya sake bi ya daidaita, wani lokacin sai ya dawo karo na biyu. Ulun da ke kan gudumomin yana taurare, asu yana cin wani, wasu madannan su riƙa maƙalewa. In madanni ɗaya yana da tauri na kusa da shi yana da laushi, ko ƙwararre ya zauna kiɗan ba zai fita sumul ba, hannu kuma zai yi ta ƙara ƙarfi yana neman gyarawa. Ki kira mai gyara ya duba ya faɗa miki gaskiya ko ya cancanci a kashe masa.

In bai gyaru ba, fiyanon lantarki ba abin kunya ba ne, Yamaha, Kawai, Roland, Casio duk suna yin masu kyau. Sharaɗin kawai ya zama madannai 88 cif kuma masu nauyi irin na fiyanon katako, da feda. Ƙaramin kibod mai madannai 61 marasa nauyi zai ɓata miki taɓi. Na lantarkin yana da wani amfani da manya suka fi yara buƙata, hedfon. Na lura babba yana jin nauyin a ji shi yana maimaita gaɓa ɗaya sau ashirin, sai ya riƙa kaɗa abin da ya riga ya iya don masu ji, atisayen gaske kuwa ba ya da daɗin saurare. In kin sa hedfon babu wanda kike yi wa.

Sai ido. A shekara 41 da yawa gani na kusa ya fara canzawa, kuma gilashin karatu an yi shi ne don littafin da ke hannu, takardar fiyano kuwa ta fi haka nisa, kusan tsawon hannu. Na ga masu cewa sun manta karatun nota alhali notocin ne ba sa gani da kyau, suna ta miƙa wuya gaba har wuyan ya ƙage. Ki zauna yadda ya kamata, a auna miki daga idonki zuwa takardar, ki kai wa likitan ido wannan awon. Ki sa fitila mai haske a kan takardar kuma.

Ta ina za ki kama

Ki ajiye tsohon kiɗan nan naki na wata uku, na san da wuya amma ki ajiye. Ki sauko mataki biyu ko uku, wajen gired 3, ki zaɓi abin da ba ki taɓa koya ba. Dalilina na cewa sabo shi ne babu wata yarinya 'yar 17 da za ki riƙa gwada kanki da ita a cikinsa, babu kuma tsofaffin kurakurai da suka kwanta a yatsu. Gajerun kiɗa 25 na Burgmüller, Op. 100, su nake fara bayarwa, shafi ɗaya ko biyu ne kowanne, suna da daɗi a kunne, kuma kowanne abu ɗaya yake koyarwa. Akwai ƙananan kiɗan da ke cikin littafin Anna Magdalena Bach na 1725, waɗannan suna tayar da hannun hagu daga barci don shi ma waƙarsa yake yi, ba rakiya kawai ba. In an ɗan kwana biyu sai sonatina na Clementi, Op. 36. A gefe kuma ki riƙe kiɗa guda wanda ke kanki kike so, ko wane iri ne, a nemo wanda aka sauƙaƙa. Yanzu ba wanda ya aiko ki, ba jarrabawa a gabanki, to dole a samu abin da zai sa ki ɗokin zama.

Minti 20 a rana, kwana biyar ko shida a mako, ya fi awa biyu a rana ɗaya nesa ba kusa ba. Hannun ya samu hutu, sannan aikin da yatsu suka koya yana ƙara zama ne lokacin barci, za ki ga wurin da ya ƙi jiya da dare yau da safe ya ɗan saki ba tare da kin ƙara komai ba. A makon farko ma saboda ciwon nan minti 10 sau biyu ya fi. Ki liƙa shi a jikin wani abu da kike yi kullum don kada ya zama sai in an samu lokaci, mai aiki da yara ba ta samun lokaci sai ta yanka. Ki bar takardar a buɗe a kan fiyanon, fensir a gefe.

Yadda za ki yi a cikin mintunan ya fi yawansu muhimmanci. Ki ɗauki gaɓa huɗu kawai. Hannun dama shi kaɗai, hagu shi kaɗai, kuma hagu ya fi samun kaso tunda shi ya ƙi. Ki rubuta lambobin yatsu da fensir, 1 babban yatsa har 5 ƙarami, ki tsaya a kansu kada yau wannan gobe wancan, don yatsu ba za su haddace abin da ke canzawa kullum ba. Sannan ki haɗa hannu biyu a hankali, hankalin da za ki ji kamar kin yi yawa, wanda zai ba ki damar sanin nota ta gaba kafin yatsa ya sauka. In kin yi kuskure kada ki koma farkon kiɗa, ki tsaya nan, ki koma nota biyu ko uku kafin wurin, ki bi ta kansa daidai sau uku a jere sannan ki wuce. Kullum ki haɗa da notar farko ta gaɓar da ke gaba don kada a samu rami a mahaɗa. Metronom, na'urar nan mai bugawa daidai-daidai don riƙe saurin kiɗa, ki sa shi ne bayan notocin sun zauna, ki fara ƙasa, ki riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, da kin ji kafaɗa ta fara hawa ki sauko. Sau ɗaya a mako ki ɗauki kanki a waya ki ajiye, kada ki goge, bayan wata biyu ki saurari na farko. Daga rana zuwa rana ba a jin ci gaba, amma a rikodin ana ji.

Nan ne kuma babba ya fi yaro. Yaro yana haddace nota ɗaya-ɗaya, ke kuwa za ki iya tsayawa ki duba ki ce ashe duk wannan layin na hagu kod uku ne kawai, wato rukunin notocin da ke tafiya tare, suke juyawa, in a C ake to C ne da F da G, ashe shafi na uku maimaicin na farko ne da ɗan canji a ƙarshe. Ki rubuta sunan kod ɗin a ƙasan gaɓar. In kai ya san hanya, ko yatsa ya ɓata kina da inda za ki kama, sarƙar ta samu ƙofofi da yawa kenan.

Bayan wata ukun ki ɗauko tsohon kiɗan, amma ki karɓe shi kamar baƙo. Ki fara daga shafin ƙarshe ki riƙa dawowa baya gaɓa huɗu-huɗu, layi biyun farkon nan su ne na ƙarshe da za ki taɓa. Ki sake duba lambobin yatsun da aka rubuta miki da, wasu an zaɓe su ne don hannun yarinya, yanzu akwai waɗanda za su fi miki sauƙi. Za ki tarar da wuraren da tun da can ba daidai kike yi ba kuma ba ki sani ba, kusan kowa yana tararwa.

Malami, da tsawon lokacin da zai ɗauka

Ki nemi malami, ko da sau ɗaya a mako biyu ne, ko ma darasi uku ko huɗu na farko kawai a duba zamanki da hannunki, don mutum ba ya ganin kafaɗarsa. Ki nemi wanda ya saba da manya, ki gaya masa ƙarara abin da kike so, in ya ɗauko miki tsarin yara daga shafin farko ko ya fara zancen jarrabawa tun ranar farko to ki nemi wani. Bidiyon nan da ake ganin sanduna masu launi suna faɗowa kan madannai kuwa ban ba ki shawararsu ba, ke da kika iya karatun takarda asara ce, sarƙar nan mai ƙofa ɗaya za su sake ƙulla miki.

Game da lokaci, abin da na gani a ɗalibaina da suka taɓa kaiwa matakinki shi ne karatu yana dawowa cikin makonni, haɗa hannu biyu ya biyo baya, sauri shi ne na ƙarshe, kuma masu zama kullum da yawansu tsakanin wata shida zuwa shekara suke komawa inda suka tsaya. Ba alƙawari nake miki ba, akwai wanda ya fi haka sauri akwai wanda ya fi jinkiri, ya danganta da yadda tushen yake tun farko da kuma yadda rayuwa ta bar mutum ya zauna. Za a yi makonnin da yaro ba lafiya ko aiki ya taso ba ki taɓa ba sam, in hakan ta faru ki dawo da minti goma kan abu mai sauƙi, kada ki ce sai kin rama. Gaskiya ne sabon sauri ba ya shiga hannun babba da wuri kamar na yaro, wannan ba zan ɓoye miki ba. Amma a 41 babu abin da zai hana ki wuce gired 6 ɗin nan in kina so, kuma kiɗa mai taushi a hannun waɗanda suka dawo da girmansu yakan fita da wani nauyi da ban cika ji a wajen yara ba, sun san inda za su ɗan jinkirta, sun san inda za su yi shiru.

Ban ga hannunki ba, ban ji fiyanon ba, don haka abin da na faɗa kan ciwon iyakarsa kenan daga nesa. A wannan makon ki huta har ciwon ya lafa, ki kira mai saiti, ki nemo takardun masu sauƙi. In za ki sake rubutowa ki gaya min daidai inda ciwon yake, ta gefen babban yatsa ne ko ta gefen ƙarami, a hannu ɗaya ne ko duka biyun, sannan in da hali a ɗauke ki hoto daga gefe kina zaune hannu a kan madannai, daga kafaɗa har ƙafa, in ga tsayin bencin.